Kafin Ku Dangwala, Ku Tambaye Su Mil Nawa Ne

Ya ku 'yan'uwa manoman rani na Kura da Bunkure da Garun Malam. Wanda ya iya karatu ya karanta wa na kusa da shi.

Lokacin zaɓe ya zo, kuma za ku ji masu neman ƙuri'a suna cewa jirgin sama zai riƙa kwashe tumatirinku. To, jama'a, mu yi lissafi tukuna.

Tun 1925 jirgin sama ya fara sauka a Kano. A 2014 aka buɗe wani filin jirgi a Dutse, Jihar Jigawa. Tsakanin filin Malam Aminu Kano da na Dutse, ta sama, bai cika mil 60 ba. Zuwa na Katsina kuwa wajen mil 90 ne. Jirgin da ya tashi Kano zuwa Dutse, kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi, ga shi tashin nan shi ne ya fi shan mai. Wane mai hankali zai ɗora kwando a jirgi saboda tafiyar da mota ke yi tsakanin hantsi da azahar? Kuma wa zai saya a can? Ai su ma manoma ne kamarmu.

Kasuwarmu tana Ikko, fiye da mil 600 ta hanyar mota. Wannan ita ce tafiyar da ke kashe mu. Ka tsinki tumatir da asuba, ka kai Kwanar Gafan, dillali ya taya yadda ya ga dama, don ya san ba za ka mayar da shi gida ba. A loda kwando bisa kwando, mota ta kwana biyu ko uku a hanya cikin rana, na ƙasa ya zama miya. Asarar kuwa a kuɗinka ake cire ta tun kafin motar ta tashi.

Ba ƙin jirgi muke ba, kada a yi mana ƙage. Iyayenmu da shi suke zuwa Makka. Amma wanda ke son jirgi ya ɗauki kayan gona, ga filin Kano nan, mil ashirin da 'yan kai daga Kura. Abin da ya rage shi ne abin da ke tsakanin gonarka da filin: hanyar karkara da ba ta cin taya, da ɗakin sanyi na ajiya, da kanal da aka yashe aka nome kachalla, domin ruwan Tiga da aka tare tun 1974 ya isa gonar mai ƙarshen layi.

Saboda haka idan ɗan takara ya tsaya a dandali ya ambaci jirgi, wani dattijo ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, daga ina zuwa ina, mil nawa ne, kuma nawa ne kuɗin kwando ɗaya?" Ku saurari amsarsa da kyau, ku riƙe ta har ranar da za ku tsaya gaban akwati.