Jiragen attajirai: Baƙi a takardar kwastam, 'yan gida a takardar tashi

Sau uku cikin shekara huɗu Hukumar Kwastam ta Najeriya ta taso wa masu jiragen sama na ƙashin kai. A watan Yunin 2021, zamanin Hameed Ali, ta gayyace su su kawo takardunsu a tantance. A watan Yunin 2024, ƙarƙashin Bashir Adewale Adeniyi, ta sake irin wannan gayyata, har aka ɗaga wa'adin zuwa ƙarshen shekara. A farkon Yunin 2025 kuma jaridu suka ruwaito cewa an hana jirage kimanin 60 tashi a Legas da Abuja saboda bashin harajin shigo da kaya. Kowane karo ana tada ƙura, a yi zama, a ƙara wa'adi, sannan maganar ta lafa.

Tushen rikicin ba ɓoyayye ba ne. Duk jirgin da ke da rajistar Najeriya yana ɗauke da alamar 5N a jikinsa. Wanda ya taɓa raka maigidansa ɓangaren jirage masu zaman kansu a filin jirgin Nnamdi Azikiwe ya san cewa da yawa daga cikin waɗanda ke jere a wurin suna ɗauke da N ta Amurka, ko T7 ta San Marino, ko M ta tsibirin Man. A idon doka baƙi ne. Sashe na 24 na Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ya ce jirgin da ya zo daga wata ƙasa a bar shi ya shiga na ɗan lokaci ba tare da haraji ba, bisa ƙa'idojin kwastam na ƙasar da ya sauka. Kwastam ɗinmu tana ba irin waɗannan jirage izinin shigowa na wucin gadi na shekara guda, da damar sabuntawa na taƙaitaccen lokaci. Daga nan sai dai jirgi ya koma inda ya fito, ko a biya harajinsa. Ƙorafin hukumar shi ne baƙon ya shekara da shekaru bai ɗaga tabarmarsa ba.

Masu jiragen suna da tasu hujjar, kuma ba duka ce ta banza ba. Yawancin jiragen da bashi ko haya aka samo su, kuma bankunan waje da kamfanonin inshora sun fi natsuwa da rajistar da za su iya ƙwace jirgi a ƙarƙashinta cikin sauƙi. Darajar jirgi a kasuwar sake sayarwa ma tana da nasaba da inda aka yi masa rajista. Amma wannan ya bayyana dalilin zaɓen rajista ne kawai. Bai amsa tambayar inda jirgin ke kwana ba.

Amsar wannan tambaya tana hannun gwamnati tun tuni. Babu jirgin da zai ƙetare iyakar ƙasa sai matuƙinsa ya miƙa takardar tsarin tafiya ga masu kula da zirga-zirgar sama, wato Hukumar NAMA a nan gida, aƙalla minti 60 kafin tashi. Takardar iri ɗaya ce a duk duniya, bisa tsarin hukumar ICAO. Tana ɗauke da lambar jirgi, da nau'insa, da filin tashi da na sauka cikin haruffa huɗu (DNAA ita ce Abuja, DNMM Legas, DNKN Kano), da hanyar da za a bi, da filin da za a karkata idan ta ɓaci, da sa'o'in da mai zai kai, da adadin mutanen da ke ciki. Har akwai gurbin harafi guda da ke nuna irin tafiyar: G ga tafiyar ƙashin kai, N ga jigilar haya wadda ba ta da jadawali. Wanda ya jera waɗannan takardu na shekara biyu zai ga kwana nawa kowane "baƙo" ya yi a ƙasar nan. Zai kuma ga jirgin da ke rubuta G alhali zirga-zirgarsa ta ɗan haya ce, wanda shi ne ainihin abin da Hukumar NCAA ta dakatar da izinin wasu saboda shi a 2024, shekarar da minista Festus Keyamo ya kafa kwamiti kan haramtacciyar hayar jirage.

Saboda haka kiran masu jirage su yi layi da fayil a hedikwatar kwastam, a ganina, bin doguwar hanya ne. Bayanan tashi suna NAMA, izinin aiki yana NCAA, izinin shigowa yana Kwastam. Biyun farko suna ƙarƙashin ma'aikatar sufurin jiragen sama, ta ukun tana ƙarƙashin ma'aikatar kuɗi. A tsakanin waɗannan ofisoshi ne jirgi yake zama abu uku daban-daban. Haɗa bayanan ba ya buƙatar gina komai. Yana buƙatar jami'in da zai sa hannu a kan jerin sunayen da za su fito, kuma kowa a Abuja ya san irin sunayen.

Sassaucin da aka saba da shi a gida kuwa ba ya ƙetare iyaka, kuma a nan ne maganar ta shafi hadimai da jami'an tsare-tsare kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar takardar tsarin tafiya a matsayin izini. Sanarwa ce kawai. Izinin ratsa sararin samaniyar wata ƙasa da na sauka a cikinta abu ne dabam, kuma ƙasashe da dama a Afirka suna neman a rubuto musu kwanaki kafin tafiya. Siyasa ma tana shiga. Hanyar Abuja zuwa Turai ta kan Nijar da Aljeriya take bi; da sojojin Yamai suka rufe sararin samaniyarsu a ranar 6 ga Agustan 2023, jirage sun riƙa zagaye mai cin mai da lokaci, kuma ko bayan buɗewa a watan Satumba, takun-saƙa da ECOWAS ya ci gaba da shafar jiragen Najeriya har cikin 2024.

Sai kwastam na can. Dole saukar farko ta kasance a filin da ƙasar ta ware wa jami'an kwastam da shige-da-fice, ba filin da ya fi kusa da gidan mai masauki ba. Ana gabatar da takardar bayanin jirgi da ma'aikatansa da fasinjojinsa. Amurka tana son jerin sunayen ta intanet aƙalla awa guda kafin jirgi ya tashi zuwa cikinta. Birtaniya, tun daga Afrilun 2024, ta wajabta aika bayanan ta intanet tsakanin awa 48 da awa 2 kafin tashi, da tarar da za ta iya kaiwa fam 10,000 ga wanda ya saɓa. A can, matuƙi ko mai gudanar da jirgi ake kamawa da laifi idan suna ya bambanta da na fasfo, don haka ƙara mutum guda a ƙofar jirgi, al'adar da manyanmu suka ƙware a kai, na iya tsayar da tafiya gaba ɗaya.

Batun kuɗi ya fi kowanne haɗari. Dokar Najeriya ta ce duk wanda zai fita ko shigo da abin da ya haura dala 10,000 sai ya bayyana wa kwastam, kuma ba ta ware fasinjan jirgin ƙashin kai ba. A watan Satumbar 2014 jami'an Afirka ta Kudu suka ƙwace tsabar kuɗi dala miliyan 9.3 daga wani jirgi mai zaman kansa da ya taso daga Abuja ya sauka a filin Lanseria, kusa da Johannesburg. Daga baya hukumomin Najeriya suka ce kuɗin na sayen makamai ne. Bayanin ya zo ne bayan an riga an buɗe jakunkuna, kuma waɗanda aka tsare a filin su ne mutanen da aka aika da kuɗin, ba waɗanda suka aike su ba.

Kwastam tana da gaskiya a kan harajin, kuma Dokar Hukumar Kwastam ta 2023 tana bayanta. Abin da ba ta nuna wa jama'a ba tukuna shi ne cikakken lissafi: jirage nawa suka biya bayan kowace tantancewa, nawa suka koma rajistar 5N, nawa suka bar ƙasar. Kwamitocin majalisa da ke kula da kwastam da sufurin sama suna da hurumin neman wannan lissafi, tare da bayanan tashi na NAMA a gefensa, a zaman kare kasafin kuɗi mai zuwa.