Yawon buɗe ido: fara daga bakin tafkinku

Yau zancenmu kan tafiya ne. Ba tafiyar fatauci ba, ba ta cin rani ba, ba ta gaisuwar mutuwa ba. Tafiya ce da mutum yake yi don ya je ya gani da idonsa, ya dawo gida. Ita ake ce ma yawon buɗe ido.

Na san abin da za ka ce: "Malam, wannan ai aikin Nasaru ne da masu kuɗi. Ni da ban gama biyan bashin taki ba!" To, saurara.

Gaskiya ne, Nasaru sun kai abin nesa. Suna da manyan jiragen ruwa da aka ƙera don yawo kawai. Mutum ya biya kuɗi, a ba shi ɗaki, ya ci ya sha ya kwana cikin jirgi, mako ɗaya ko biyu. Da dare jirgi na tafiya bisa teku. Da safe ya tsaya a wani gari, a sauka a yi kallo, da marece a koma. Akwai wani mai suna Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024. Tsawonsa ya kai mita 365, kuma yana iya ɗaukar fasinja fiye da 7,000. Gari guda ke nan bisa ruwa.

Amma ni ban yi ƙyashinsu ba. Wanda ya sauka gari da hantsi ya bar shi da la'asar, mi ya sani na garin? Ya ɗauki hoto, ya sayi tsaraba, bai gaisa da kowa ba. Kai ka fi shi da abu ɗaya: inda za ka je, kana jin maganar mutane. Kana iya zama gindin itace ka tambayi tsoho. Ga shi kuma yanzu ka iya karatu da rubutu.

Fara da gida. Kai mutumin Gidimuni, yaushe rabonka da ka je bakin tafki ba don aiki ba? Kullum in ka je, ko ban ruwan lambu, ko shayar da bisashe, ko yankan rake. Idonka na ƙasa. Alhali baƙi sun daɗe suna kallon wannan ƙasa. A ƙarshen 1852, wani Bajamushe mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya taso daga Kukawa ta Barno, ya ratso Muniyo, ya shiga Damagaram. Ya rubuta labarin tafkuna da garuruwan da ya gani a hanya, har yau ana karantawa. A 2019 kuma aka sa tafkin Gidimuni cikin jerin Ramsar. Ramsar wani gari ne a ƙasar Iran, inda ƙasashe suka yi alkawari a 1971 cewa za su kiyaye tafkuna da fadamu masu muhimmanci. Wato duniya ta san da tafkinku.

Zaɓi safiya ɗaya lokacin ɗari. Ɗauki ƴaƴanka, maza da mata, ku bi gefen ruwa a hankali. Ku dubi dabino, ku dubi tsuntsayen da ke sauka. Wasunsu daga Turai suke zuwa gudun sanyi, in zafi ya kama su koma. Tambayi dattawa sunan kowane, da inda ruwa yake kaiwa suna yara. Rubuta a littafinka. Ko dala ba ka kashe ba.

Bayan kaka, in hatsi ya shiga rumbu, sai Damagaram. Wajen kilomita 70 ne bisa kwalta. Da yawa cikinku sun je, na sani. Amma daga tasha sai kasuwa, daga kasuwa sai likita, sai gida. Wannan ba ganin gari ba ne.

Shiga Birni. Tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Nan Sarki Tanimun ya yi mulki har rasuwarsa a 1884. A zamaninsa aka kewaye birnin da ganuwa, ayarin raƙuma na zuwa daga Tarabulus. A garin nan aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Kazamaju a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Shekara ta zagayo, 1899, aka yi yaƙin Tirmini, Faransawa suka ci garin. Ka kuwa san Damagaram ce babban birnin ƙasar nan kafin a maida shi Yamai a 1926? Yi tafiya da ƙafa cikin lunguna. Dubi gidajen ƙasa masu zane a goshi, dubi manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su. Daga nan ka leƙa Zango, unguwar da fatake suke sauka a da. Gani ya kori ji.

Sai dai fada ba kasuwa ba ce. Yi sallama, nemi izinin dogarai, cire takalmi inda aka ce. Kada ka ɗauki hoton mutum da salula ba ka tambaye shi ba. In wani ya ce zai zagaya da kai, ku yanke kuɗi tun kafin a ɗaga ƙafa. Kuɗin komawa gida kuwa, ƙulle shi daban, kada ya ga rana. Katin shaidarka na ɗan ƙasa ya zauna a aljihu.

Yamai ita ce mai nisa, wajen kilomita 900 daga Damagaram. Ban ce ka sayar da akuya don ita ba. Amma in wata hidima ta kai ka, ƙara kwana ɗaya. Je gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Akwai namun daji, akwai ƙasusuwan wasu manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin mutum. Akwai kuma itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai cikin hamada har mota ta kaɗe shi a 1973. Sannan ka gangara bakin kogin Isa. Nan ne namu jirgin yawon yake, wato kwalekwale. Lokacin da ya fi daɗi Disamba da Janairu, sa'ad da ruwan da ya taso daga Gine ya iso, kogi ya cika, iska da sanyi. A watan Mayu da Yuni ruwa ja da baya yake yi. A 1985 ma sai da kogin ya daina gudu a Yamai.

A nan fa nake so ka buɗe kunne. Mu mutanen gabas ba mu san babban ruwa ba. Wanda ya iya wanka a tafki, kada ya ce ya iya kogi. Kogi yana da ja.

Kafin ka shiga, tsaya ka dubi jirgin. In ka ga ruwa ya kusa taɓa bakinsa don yawan mutane da kaya, koma baya. Ko an yi maka dariya, ko an ce ƙauyanci ne, bar su. Wani jirgi na zuwa. Dubi cikinsa: in yaro na ta kwalfar ruwa ba hutawa, jirgin na yoyo. Tambayi rigar ruwa, wadda ke hana nutsewa. In akwai, sa ta ka ɗaure, ka ɗaura ma yaro tasa. In ka zauna, zauna. Kada ka miƙe don hoto, kada kowa ya ruga gefe ɗaya don an ga wani abu.

Kuma kada ka yarda da tafiyar dare. A watan Yuni 2023, a jihar Kwara ta Nijeriya, a bisa wannan kogi dai, jirgi ya kife da ƴan biki suna komawa gida da dare. Mutum fiye da 100 suka rasu. Jirgin ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Allah ya jiƙansu. Wani zai ce kwana ne ya ƙare. Haka ne, rai na hannun Allah. Amma lodin jirgi na hannun mutum, shiga kuma na hannunka.

Sai dorina. Kowa na son ya gan ta, ni ma haka. Daga nesa! In tana da ɗa, kifar da jirgi ba komi ba ne gare ta. Kada ka ƙara ma mai jirgi kuɗi don ya matsa kusa. In ya ce a juya, a juya. Shi ya san ruwansa.

A da baƙi kan hau kogi har Ayoru, ko su je gandun daji na W. Rashin tsaro ya ɓata wannan. Kada ka yi nisa da gari sai ka tambayi hukuma da mutanen wurin, ranar da za ka tafi, ba labarin bara ba.

Ke ma ƴar'uwa, da ke nake. In ƴan ajinku suka yi adashi, kuɗin mota zuwa Damagaram ba zai gagara ba. Ku tafi tare, ku dawo tare kafin magariba.

Wanda ya je, ya tafi da littafi da alƙalami. Ya rubuta sunan unguwa, da abin da aka rubuta a allon bakin hanya, da abin da ya biya a mota. In ya dawo, ya kawo aji ya karanta mana, don na bayansa ya san nawa zai ƙulla.