Jami'ar Wudil na Buƙatar Manhajar da Ɗalibi Zai Iya Kwancewa

Ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10. Magajiyarta, Windows 11, ba ta yarda ta hau kwamfutar da ba ta da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma da yawa daga cikin kwamfutocin gwanjo da ɗalibai ke saye a Kano sun girmi wannan sharaɗi. Lafiyarsu ƙalau, amma an yanke musu hukuncin tsufa daga Amurka. Abin da ya rage wa mai irinsu shi ne ya ci gaba da manhajar da ba a toshe ɓarakarta, ko ya koma wa ta sata.

Akwai hanya ta uku, kuma babu inda ya fi cancanta a bi ta kamar Wudil, garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda aka fi sani da KUST. Sunan hanyar FreeBSD.

Mutane kaɗan ne suka san sunan, alhali miliyoyi na cin moriyarta. A kanta Netflix ke tura finafinansa, daga gare ta Sony ya gina manhajar PlayStation 4, kuma a kanta WhatsApp ya yi ƙuruciyarsa. Shi ya sa Jan Koum, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, ya ba gidauniyar FreeBSD dala miliyan ɗaya a 2014. Asalinta kuwa jami'a ne. A Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley wani ɗalibi, Bill Joy, ya fitar da BSD ta farko a 1978, daga tsatsonta kuma FreeBSD ta fito a 1993.

Ɗalibin da aka koya wa kwamfuta a kan rufaffiyar manhaja kamar yaron kanikanci ne da aka hana buɗe bonet: zai iya tuƙi, amma ba zai taɓa sanin abin da ke juya injin ba. FreeBSD kuwa a buɗe take tun daga ƙwayarta har ƙananan kayan aikinta, duk a rumbu guda, da littafin jagora da ƙungiyarta ke kula da shi. Mai son ganin yadda ake raba wa shirye-shirye ƙwaƙwalwa zai karanta ainihin rubutun, ya sauya, ya lalata, ya gyara. Lasisinta ma bai hana shi ɗaukar aikin ya gina haja ya sayar ba.

Tana kuma dacewa da halin da ake ciki. Tsarin ajiyarta na ZFS ba ya rubuta sabon bayani a kan tsoho sai sabon ya kammala, don haka ɗaukewar wuta ba ta cika wargaza faifai ba. Duk wanda ya san wutar KEDCO ya san darajar wannan. Da dabarar keɓe ɗakuna da ta shigo da ita a 2000, ana iya raba kwamfuta guda wa ɗalibai da dama, kowa da nasa ɗaki.

Masu suka za su ce kasuwar aiki Windows take nema, kuma FreeBSD na wahala da wasu na'urorin Wi-Fi. Na biyun gaskiya ne, Linux ta fi ta a nan, kuma ba wanda ya ce sakatariyar ofis ta bar Word gobe. Na farkon ne bai tsaya ba. Koyon Word aikin shagon koyar da kwamfuta ne na 'yan makonni, ba na digirin shekara huɗu ba. Bankuna da kamfanonin sadarwa suna neman wanda zai riƙe musu uwar garke, kuma dangin Unix ne ke mulkin wannan fage.

Abin da ake buƙata bai kai kwangila ba, wataƙila ma shi ya sa ba ya jan hankali: ɗaki ɗaya, tsofaffin kwamfutocin da Windows 11 ta ƙi, da kwas ɗin manhajar gudanarwa wanda jarrabawarsa ita ce ɗalibi ya sauya wani abu a ƙwayar FreeBSD, ya harhaɗa ta, ta tashi.