Beriliyam Ya Sake Leƙo Ƙwan Lantarki

A shekarar 2018 masana kimiyyar haɗa sinadarai a wata jami'a ta birnin Munik, ƙasar Jamus, suka ba da labarin wani sabon tangaran da suka toya. Irinsa ake kira oksinaitiraid, watau wanda oksijin da naitirojin suka haɗu da ƙarfe a jikinsa. Idan aka haska shi yakan ba da wani haske tsakanin shuɗi da kore, wanda masu ƙera ƙwan LED ke nema domin hasken ya yi kama da na rana. Aiki ne na gwaninta. Sai dai a cikinsa akwai beriliyam.

Ga wanda bai sani ba, ƙurar beriliyam takan shiga huhu ta zauna. Mutum na iya yin shekaru lafiya lau, sa'an nan numfashi ya soma gagararsa, kuma har yau babu maganin da ke warkar da ciwon. Abin takaici, a masana'antar ƙwan lantarki aka fara gane haka a Amurka. A 1946 wata likita, Harriet Hardy, ta bayyana ciwon a jikin ma'aikatan da ke yin dogon ƙwan nan mai farin haske a jihar Masachusets, a 1949 kuwa aka daina sa beriliyam a hodarsa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 2017 ma Amurka ta rage ƙurar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa zuwa kashi ɗaya cikin goma na da.

Ba cewa nake a rufe ɗakunan bincike ba. Ɗan garin da masani ya toya cikin akwati mai murfi ba zai kashe kowa ba. Tambayata ita ce: in abin ya fita kasuwa, wa zai niƙa shi buhu buhu, wa kuma zai tsince shi a juji? Mu nan sayen ƙwai muke yi, in ya mutu a jefar, yara su fasa.

Akwai wata hanya kuwa. A shekarar 2000 Martin Jansen da abokin aikinsa sun nuna cewa oksinaitiraid mai tantalam na iya ba da launin rawaya da ja, a maimakon kadmiyam mai dafi. Lalle ne duk mai ba da kuɗin bincike ya nemi a gaya masa dafin abu da yadda za a zubar da shi, tun ranar da aka gaya masa kyan haskensa.