Taiwan Ta Farfaɗo Da Harsunanta, Potiskum Fa?

A wasu jami'o'in Turai da Amurka akan keɓe 'yan kwanaki domin bikin al'adun Taiwan, a nuna silima, a saurari waƙoƙi. Mutumin Potiskum zai ce ina ruwan biri da gada? To, da ruwansa.

Taiwan tsibiri ne a gabas da ƙasar Sin. Shekara da shekaru hukumar can ta fifita harshen Mandarin, har akan hori ɗan makaranta in an ji ya yi yaren gidansu. Da aka ɗage dokar soja a 1987, sai mawaƙa da masu shirya silima suka shiga maido da harsunan da aka danne. A 2005 aka buɗe wa ƙabilun asalin tsibirin gidan talabijin nasu. A 2011 Wei Te-sheng ya fito da fim ɗin Seediq Bale, wanda jarumansa ke magana da harshen ƙabilar Seediq. A 2020 kuwa wata mawaƙiya mai suna Abao ta ci kyautar faifan da ya fi kowanne a gasar Golden Melody, alhali da harshen Paiwan ta yi waƙoƙin. Irin kayan da Taiwan ke alfahari da su ke nan.

A Potiskum ba wanda ya ɗauki bulala. Kasuwa da rediyo da finafinan Kano ne suka yi aikin, har ga shi a gidaje da yawa kaka na magana da Ngizimanci ko Karekare ko Bolanci, jika na amsawa da Hausa. Ba laifin Hausa ba ne, ita ce ke haɗa mai saye da mai sayarwa a kasuwar shanu.

Malamai sun yi nasu. A 2004, a garin na Potiskum aka buga ƙamusoshin waɗannan harsuna, aikin marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe. Amma fa ƙamus ba ya rera waƙa, yaro kuma ba ya koyon harshe daga kanta.

Ya kamata Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin ta riƙa shirya biki shekara-shekara, ta gayyato makaɗan ƙauyuka, ta sa gasar gajerun finafinai da harsunan gida, a rubuta fassarar Hausa a ƙasan hoto. Wayar hannu ta isa ɗaukar fim. Fadar Fika da ta Pataskum kuma su sa kyautar.