Zuwa ga 'Yan Jaridar Ƙananan Tsibirai: Kada Labari Ya Kwana a Hannun Mutum Ɗaya



Shawara ɗaya nake tafe da ita: duk labarin da kuka san zai sosa wa manya inda ba sa so, kada ya kwana a hannun mutum ɗaya. A ƙasar da kowa ya san kowa, ministan da kuke bincika wataƙila ajinku ɗaya a makaranta, mai kamfanin da ke ba jaridarku talla kuma surukinsa ne. Ga teku ta kewaye ku, babu iyakar da za a tsallaka da ƙafa cikin dare. Mai son binne labari a irin wannan wuri ba sai ya rufe gidan jarida ba, ya dai gano aljihun da takardun suke.

Ku dubi Malta, mai mutane kimanin rabin miliyan. Ranar 16 ga Oktoba, 2017, bam ya tashi da motar 'yar jarida Daphne Caruana Galizia kusa da gidanta a Bidnija, ta rasu da ƙararrakin ɓata suna sama da 40 a wuyanta. Bayan rasuwarta ƙungiyar Forbidden Stories ta haɗa 'yan jarida 45 daga kafofi 18 suka ɗora daga inda ta tsaya. A cikin wannan aiki ne Reuters da Times of Malta suka bayyana cewa attajiri Yorgen Fenech ne mai kamfanin 17 Black da ta taɓa ambata. An kama shi a Nuwamban 2019 bisa zargin hannu a kisan, yana shirin ficewa a jirgin ruwansa, Firaminista Joseph Muscat kuma ya sauka a Janairun 2020. Abin takaicin, sai da ta mutu aka yi wannan haɗin gwiwa. Ban ce raba takardu sulke ne ba, amma wanda ya san kofinsu na wurare goma ya san kisa ba zai biya masa buƙata ba.

Za a ce muku raba labari da 'yan jaridar waje tona asirin gida ne ga bare, musamman inda arziƙin ƙasa ya dogara da masu yawon buɗe ido. To, ku tambayi kanku wa rufin asirin yake yi wa amfani. A 2014 gwamnatin Nauru ta ɗaga kuɗin bizar ɗan jarida daga dalar Ostireliya 200 zuwa 8,000, ba a mayarwa ko an hana ka shiga, a daidai lokacin da duniya ke son sanin halin masu neman mafaka da Ostireliya ta tsare a can. Ai ba don kare mutuncin talakan Nauru aka yi hakan ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne baƙo zai buga labari ya koma gida, ku kuwa kuna nan da mai fushi a kasuwa ɗaya. Gaskiya ne, shi ya sa sharaɗi zai riga takarda fita. Ku yanke ranar bugawa tare, ku zaɓa ko sunanku zai fito, kuma ku ne za ku tantance yadda za a siffanta majiya, domin "wani ma'aikacin baitulmali" a babban birni ba kowa ba ne, a tsibiri kuwa kamar an kira sunansa ne.

Haɗin kan ma daga gida yake farawa, da abokin hamayyar da kuke tseren labari da shi. A Fiji, dokar kafofin watsa labarai ta 2010, wadda ta tanadi tara da ɗauri kan labarin da aka ce ya saɓa wa maslahar ƙasa, ta yi shekara 13 tana aiki. Editocin gidaje masu gasa da juna ne suka tsaya a ƙarƙashin ƙungiyarsu ɗaya suka ce ba gyara suke nema ba, sokewa suke so, majalisa kuma ta soke ta a Afrilun 2023.