Wutar da Ba a Haƙa Mata Magudana ba

Duk lokacin da wata cibiya ta kafa sabon tarihi a fagen haɗe ƙwayoyin zarra domin samar da makamashi, sai jaridu su cika da albishir cewa an kusa tsare rana a cikin tukunya. Haka aka yi sa'ad da na'urar JET da ke Culham a Ingila ta fitar da megajul 59 cikin daƙiƙa biyar a ƙarshen 2021. Masu wannan shagali idonsu na kan tsakiyar filazma, sun kau da kai daga tambayar da za ta raba gardama: ina za a zubar da zafin?

A cikin tokamak, maganaɗisu ne ke riƙe filazmar da zafinta ya kai digiri miliyan 150. Riƙon ba cikakke ba ne. Zafi yana tsiyaya ta gefe, ya bi layukan maganaɗisu, ya sauka kan faranta da aka jera a gindin na'urar domin karɓar sa. A ITER, wadda ake ginawa a Cadarache a kudancin Faransa, an yi farantan da ƙarfen tangistan, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400, kuma an tsara su ne su jure megawat 10 a kowace murabba'in mita.

A 1982 Friedrich Wagner ya gano a na'urar ASDEX ta Jamus cewa filazma kan shiga wani yanayi da riƙonta ke kusan ninkawa. Daga baya aka fahimci cewa filin lantarki ne ke tasowa a gefenta, yana juya sassanta da saurin da ya bambanta, har ya yayyaga ƙananan guguwowin da ke kwashe zafi waje. Ribar ta zo da bashi. Matsi yana taruwa a gefen, ya riƙa fashewa bi da bi yana dukan bango.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne faɗin zirin da zafin ke bi. Nazarin da Thomas Eich ya jagoranta a 2013, bisa ma'aunin na'urori da dama, ya nuna cewa a ITER zirin zai iya tsukewa zuwa kimanin milimita ɗaya. Lissafin kwamfuta na C.S. Chang da abokan aikinsa a 2017 ya ce a'a, hargitsin gefen zai faɗaɗa shi ninki da yawa. Wato guguwar da aka sha fama wajen kashe ta, ita ake fatan ta ceci bangon.

Har yau babu na'ura mai girman da za ta yi alƙalanci tsakanin lissafan biyu, kuma a sabon jadawalin da aka sanar a 2024, ITER ba za ta ƙona man diyuteriyam da tiritiyam ba sai 2039. Duk da haka ana ta yi wa masu zuba jari alkawarin tashar lantarki kafin wannan shekara.